Proton, Tuta da Fastmail a hannun Basakkwace: wa ya iya tace tarkacen saƙo, wa ke jin kukan masu amfani

Duk wanda ya fara neman akwatin imel da kamfani ba ya leƙa masa saƙo, sunaye uku zai fi cin karo da su: Proton Mail, Tuta da Fastmail. Masu tallata su sun fi zancen ƙarfin kulle da dokokin ƙasar da kamfanin yake zaune. Duk wannan da amfaninsa, amma ba shi ke sa mutum ya zauna ko ya tattara ya koma Gmail bayan wata biyu ba. Abu biyu ke korar mutane. Ko dai saƙon da ake jira bai iso ba alhali tarkace na ta shigowa, ko kuma an kai kuka ga kamfani an ji shiru. A kan waɗannan biyun za mu auna su, da idon ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da mai shagon kafe, da ɗan kasuwar da ke aika farashin albasa ko fata zuwa wajen ƙasa.

Proton ya fito a 2014 daga hannun wasu masana da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN, ofishinsa na Janeba a Suwizalan. Akwatinsa na kyauta na kaiwa 1 GB, adireshi ɗaya, saƙo 150 a rana. Tuta na birnin Hanoba ne a Jamus, kamfaninsa ya kafu a 2011, kuma da sunan Tutanota aka san shi har zuwa ƙarshen 2023. Shi ma yana ba da 1 GB kyauta. Fastmail ya girme su duka, tun 1999 yake a Melbon ta Ostareliya, ba shi da tsarin kyauta sai gwajin kwana 30. Kuma a san wannan tun da wuri: Fastmail ba ya sayar da talla a kan saƙonka, amma makullin akwatinka na hannunsa. Proton da Tuta kuwa da zarar saƙo ya kwanta a akwati, su kansu ba su iya buɗe shi.

Wannan bambancin shi ne tushen duk abin da zai biyo baya game da tarkace. Saƙon da aka aiko maka daga Gmail ko daga banki yana isa sabar Proton ko ta Tuta, wato kwamfutar kamfanin da ke karɓar saƙo, a buɗe. A ɗan wannan lokacin ne matata, wato manhajar da ke tace tarkace, ke duba shi: daga wace saba ya taso, an san ta da aika shara ko a'a, sa hannun da ke jikinsa ya dace da sunan da yake da'awa, me aka rubuta, ina mahaɗan cikinsa ke kaiwa. Daga nan sai a kulle. Kamar mai duba buhu a bakin sito ne, sau ɗaya yake ganin abin da ke ciki kafin a ɗinke baki. Google kuwa yana iya komawa ya sake nazarin saƙonni, yana da mutane fiye da biliyan da ke latsa masa “wannan shara ne” dare da rana, shi ya sa yake bugun ƙirjin yana tare fiye da kashi 99.9 cikin ɗari. Saboda haka wanda ya baro Gmail ya ga tarkace biyu ko uku sun tsallake a mako, kada ya ce an cuce shi. Kuɗin sirrin ke nan, kuma wani ɓangaren aikin da na'ura ke yi masa a can, a nan da hannunsa zai yi.

A Proton aikin hannun ya fi tsari. Cikin saituna, ƙarƙashin Filters, akwai jeri uku: Spam, Block da Allow. Na farko yana tura saƙon mai aikowa zuwa akwatin tarkace, inda za ka iya leƙawa. Na biyu yana jefar da saƙon tun kafin ya iso, ba ka gani, mai aikowa ma ba a gaya masa. Na uku yana ba saƙo hanya kai tsaye zuwa babban akwati. Ana iya sa adireshi ɗaya ko domen sukutum, wato sunan da ke bayan alamar @. In ka ɗauki saƙo ka jefa shi Spam, mai aikowar ya shiga jerin farko. In ka ceto shi daga can, ya shiga na uku. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne saurin latsa Block. Wani ya fusata da tallan da bankinsa ke turowa, ya toshe domen ɗin bankin gaba ɗaya, bayan wata uku yana neman takardar bayanin asusu don neman biza ko tallafin karatu, ba ta zo ba, kuma babu inda zai je ya tono ta. Block na ɗan damfara ne da mai tsangwama. Wanda kake hulɗa da shi amma ya cika surutu, cire sunanka daga jerin tallansa ko ka yi masa ƙa'idar da za ta kai saƙonsa wata jaka.

Ƙa'idar tacewa ita ce inda tsarin kyauta na Proton ke matse mutum, domin guda ɗaya tak ake bari ta yi aiki, jakunkuna uku, lakabobi uku. Dabarar ita ce a rubuta wannan ɗayar da Sieve, wani ɗan harshen umarni da Proton da Fastmail duka ke karɓa, a cusa sharuɗɗa da yawa a cikinta: in taken saƙo na ɗauke da kaza a kai shi jaka kaza, in daga domen kaza ne a yi masa tauraro. Ba shi da wuya ga wanda ya taɓa rubuta ƙa'ida a Excel. Sai dai a Proton ƙa'idar ba ta ganin gundarin saƙo, iyakarta mai aikowa, mai karɓa, take da bayanan kan saƙo. Mutane da yawa kan rubuta “duk saƙon da ke da kalmar rance a ciki a jefar”, su zauna jiran aiki, ba abin da ya faru. Ba lalacewa ba ce, gundarin a kulle yake.

Tuta ya fi kowa tsanani wajen kulle, har taken saƙo yana kullewa, abin da Proton ba ya yi saboda yana bin tsarin kulle saƙo mai suna PGP. Ƙa'idojin tarkacensa uku ne su ma: Not spam, Always spam da Discard, kuma ana iya ɗora su a kan adireshi, ko domen, ko ma ƙarshen domen kacokan. Wannan na ƙarshen yana da daɗi ga wanda ake dama wa lissafi da saƙonni daga ƙarshen domen masu araha da 'yan damfara ke saye da yawa. Layi ɗaya ya share su. Discard shi ne takwaran Block, gargaɗin ɗaya ne. Hotunan cikin saƙo a rufe suke zuwa sai ka ce a buɗe, wanda ke hana mai aikowa sanin ka karanta, kuma yana rage cin data. Inda Tuta ya gaza shi ne ƙa'idojin rarraba saƙo zuwa jakunkuna na masu biya ne, kuma ba ya aiki da wata manhajar imel sai tasa. Ba Thunderbird, ba Outlook, ba manhajar da ta zo da waya.

Fastmail, da yake yana iya karanta abin da ke ajiye, matatarsa ta fi koyon halin mai akwati. Kowane saƙo ana ba shi maki, kai ke zaɓar makin da in an kai a tura tarkace da wanda in an wuce a jefar. Akwai kuma ma'ajiyar koyo ta kanka, amma ba ta fara aiki sai ta ga tarkace 200 da saƙon kirki 200 da ka tantance mata. Mai shagon da ke karɓar saƙo da yawa zai cika wannan da wuri, daga nan matatar ta san cewa takardar farashi mai ɗauke da miliyoyin naira abincinsa ce ta yau da gobe. Ɗalibin da ke samun saƙo biyar a mako kuwa zai shekara bai kai ba, don haka wannan fifikon ba nasa ba ne. Akwai kuma Posteo na Balin, Yuro 1 a wata, wanda al'adarsa ita ce ya ƙi karɓar saƙon da yake zargi tun daga ƙofa, don mai aikowa ya sami sanarwar cewa bai shiga ba. Tunani ne mai kyau, amma ba ya karɓar domen na kanka, don haka ba na kamfani ba ne.

To amma ba a tarkacen da ya shigo gizo ke saƙar ba. Wanda ya shigo ka share shi da yatsa. Asarar tana ga saƙon kirki da ya ɓace. Duk mai kafe a Sakkwato ya san wannan zaman: lokacin rajista, layi har waje, injin janareta na ƙara, yaro tsaye a bayan kujera riƙe da fayil, shafi ya ce an tura lambar tabbatarwa zuwa imel, minti goma na tafiya, yaron na cewa, “Malam, har yanzu bai zaka ba.” A sake latsa turawa, a sake, har shafin ya ce an yi yawa a dawo gobe. Sau da yawa abin da ya faru ɗaya ne cikin huɗu, kuma a wannan jerin ya kamata a bi su.

Da farko a leƙa Spam, sannan All mail, domin wata tsohuwar ƙa'ida na iya kai saƙon wata jaka. Na biyu a duba jerin Block ko Discard. Na uku a tambaya ko akwatin sabo ne fil. Tuta kan riƙe wasu sababbin akwatunan kyauta har awa 48 kafin su fara aika ko karɓar saƙo, Proton kuma kan nemi ƙarin tabbaci ga sabon akwatin da aka buɗe aka shiga yin rajista da shi nan take. Dalilin ba ƙiyayya ba ce: a kafe, ko a layin waya inda dubban mutane ke fita intanet da lambar IP ɗaya, na'urarsu na ganin kamar mutum ɗaya ne ke buɗe akwati bayan akwati, wanda shi ne halin masu aika shara. Shi ya sa ba a buɗe sabon imel mai sirri ranar da ake bukatarsa. Na huɗu, wasu shafukan rajista ba sa karɓar adireshin da ba su saba gani ba, wasu kuma sabarsu ba ta da sa hannun da ya dace, sai matata ta ɗauke su 'yan sojan gona. Wannan laifin mai aikowa ne, amma kai ke kwana da shi.

Shawararmu a nan ba ta da daɗin ji ga masu kishin sirri: adireshin da aka riga aka yi rajistar JAMB, NYSC ko asusun banki da shi, a bar shi yadda yake, a ci gaba da kula da shi. Sauya imel a irin waɗannan wurare wahala ce da ba ta kai ribarta ba. Akwatin sirri na wasiƙun aiki ne, takardun lauya, bayanan asibiti, hulɗar ɗan jarida da majiyarsa, cinikin da ba a so ya fita. Kuma a riƙa shiga: Tuta na goge akwatin kyauta da aka bari wata shida ba a buɗe ba, Proton shekara ɗaya, Gmail shekara biyu. Wanda ya tafi hidimar ƙasa ƙauyen da ba sabis ya sa wannan a ransa.

Idan ana son sanin dalilin da ya sa aka jefa wani saƙo tarkace, ba sai an yi hasashe ba. A Proton, a buɗe saƙon a kwamfuta, a latsa ɗigo ukun nan, a zaɓi View headers, wato bayanan kan saƙo. Rubutu ne mai yawa, amma layi ɗaya ake nema, wanda ya fara da Authentication-Results. A gabansa za a ga spf, dkim da dmarc, kowanne da pass ko fail. SPF na cewa wannan sabar tana cikin waɗanda mai domen ya yarda su aika da sunansa. DKIM sa hannu ne da ke nuna ba a taɓa saƙon a hanya ba. DMARC kuma umarnin mai domen ne kan abin da za a yi in biyun farko ba su dace ba. Saƙon da ya ce daga banki yake, ya ce an rufe BVN ɗinka ka latsa nan, in ka ga dmarc=fail, magana ta ƙare. In ka ga pass ma kada ka saki jiki, duba domen ɗin harafi bayan harafi, domin ɗan damfara kan sayi suna mai kama da na gaske ya yi masa sa hannu tsaf. A Fastmail akwai ƙarin layin X-Spam-hits da ke lissafa kowace ƙa'ida da saƙon ya taka da makin da ta jawo masa, abin da ya sa binciken matsala ya fi sauƙi a can nesa ba kusa ba.

Sai ɗaya gefen, wato naka saƙon ya faɗa tarkacen wani. Wannan ya fi cin 'yan kasuwa. Mai albasa daga Gwadabawa ko dillalin fatar jan akuya ya sami adireshin wani mai saye a Turai ko Dubai, ya zauna ya rubuta take da manyan haruffa zalla, ya fara da gaisuwar girmamawa mai tsawo da Turanci, ya ce al'amari ne na gaggawa, ya ambaci dala dubu ɗari kaza, ya liƙa hoton takardar kamfani. Da zuciya ɗaya ya yi, amma ya taka kusan duk tarkon da ke akwai. SpamAssassin, tsohuwar matatar da sabobi da yawa a duniya ke amfani da ita, tana da ƙa'ida ta take mai manyan haruffa, da ta ambaton maƙudan kuɗi, da ta saƙon da hoto ne zalla, da kuma wani rukuni da aka gina musamman saboda wasiƙun 419, wanda a da har sunan Najeriya yake ɗauke da shi kafin a sauya masa suna. A tsarinta na asali maki 5 ya isa a ce shara ne. Maganin ba ya cin kuɗi: take gajere da ƙananan haruffa mai faɗin kaya da adadi, saƙon farko ba liƙe-liƙe, ba gajartaccen mahaɗi, mutum ɗaya a kowane saƙo maimakon adireshi arba'in a layi guda. A bar takardar farashi sai an amsa.

Wanda ke da kamfani ya fi masa ya sayi domen nasa, ko mai ƙarewa da .com.ng daga dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su, ya ɗora a kan tsarin biya. A Proton ana shiga saitin domen ɗin a sa layin TXT na tabbatar da mallaka, layukan MX biyu masu nuna inda saƙo zai sauka, masu fifiko 10 da 20, layin SPF ɗaya, layukan CNAME uku na DKIM, sai DMARC. Wurare biyu ake faɗuwa. Na farko, kamfanin da ya ajiye maka shafin intanet ya riga ya sa nasa layin SPF, kai kuma ka ƙara na biyu. Doka layi ɗaya ce, in sun zama biyu duka sun lalace, sai dai a haɗe su cikin layi guda, kuma kada binciken da layin ke jawowa ya wuce 10. Na biyu, a sa DMARC a kan reject tun ranar farko, alhali fom ɗin shafin kamfani ko manhajar rasit na aika saƙo daga wata sabar da ba a lissafa ba. Sai kwastomomi su daina ganin rasit. A fara da none, a duba mako biyu ko uku, a koma quarantine. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan wannan, musamman ga mai aika saƙo 5,000 a rana, amma ƙaramin mai aikawa ma ba ya tsira ba tare da SPF ko DKIM ba.

Abin da ya fi kowace matata rage tarkace shi ne kada ainihin adireshinka ya yaɗu. Proton ya haɗe da SimpleLogin, mai samar da adireshin ɓad-da-kama da ke miƙo saƙo zuwa ainihin akwatinka, a 2022, kuma ko a kyauta ana samun adireshin ɓad-da-kama guda 10. Kowane shagon intanet, kowace manhajar rance, kowane fom na “tallafi” da ake yawo da shi a WhatsApp, a ba shi nasa. Ranar da tarkace ya fara zuwa ta wani adireshi, ka san wanda ya sayar da kai, ka kashe wannan ɗin kawai. Fastmail na da irinsa mai suna Masked Email. Sa alamar tarawa a bayan suna, kamar suna+kasuwa, yana taimakawa wajen rarraba saƙo amma ba ya ɓoye komai, kowa na iya cire abin da ke bayan alamar.

Yanzu batun jin kuka. Proton na da dandalin UserVoice inda masu amfani ke rubuta abin da suke so a ƙara, sauran su jefa ƙuri'a, kamfani ya sa alamar ana dubawa, an tsara, an fara ko an gama. Yana kuma fitar da jadawalin abin da zai yi a kowane zango. A takarda tsari ne mai kyau, kuma abubuwa sun fito ta nan: tsara lokacin aika saƙo, manhajar kwamfuta da ta zo a 2024. Amma yawan ƙuri'a ba alkawari ba ne. Bukatar manhajar Drive, ma'ajiyar fayil ta Proton, ga kwamfuta mai Linux, da kuma bukatar haɗa lambobin Proton da littafin lambobin waya sun shekara da shekaru suna tara ƙuri'a, sai ga shi a Yulin 2024 kamfanin ya fito da Scribe mai taya rubutu da ƙirƙirarriyar basira da kuma jakar Bitcoin. Tsofaffin masu biya da yawa sun yi ƙorafi a fili cewa ba abin da suka roƙa ke nan ba. Ra'ayinmu, suna da gaskiya: kamfanin na saurin gina sabon ɗaki fiye da toshe yoyon tsohon.

Tuta ƙaramin kamfani ne, kuma a GitHub, shafin masu rubuta manhaja, ake ganin bukatu da kurakurai, kowa na iya karanta amsar masu rubuta manhajar. Suna da jinkiri. Shigo da tsofaffin saƙonni daga wani akwatin, abin da duk mai ƙaura ke bukata ranar farko, sai a 2025 ya samu bayan dogon jira. Sai dai suna da hali ɗaya da muke yabawa, in ba za su yi abu ba sukan faɗa da dalili. An daɗe ana roƙon IMAP, wato hanyar buɗe akwati da wata manhajar imel, amsarsu ba ta sauya ba: zai karya tsarin kullensu. Ka ji haushi, amma ka san matsayinka. Proton ya warware wannan da Bridge, wata 'yar manhaja da ke zaune a kwamfuta tana buɗe saƙo ga Outlook ko Thunderbird, ga masu biya kawai. Fastmail kuwa ta sashen taimako ake aika bukata, mutum ne ke amsawa, amma ba ka ganin wa ya roƙi abin da ka roƙa.

Kuka ma yana da yadda ake kai shi. “Matatarku ba ta aiki” ba ya motsa kowa. Wanda ake amsawa shi ne mai cewa: manhaja siga kaza, waya kaza, na yi kaza na yi kaza, na sa ran kaza, ga abin da ya faru, ga bayanan kan saƙon. Kafin ka manna bayanan a dandalin da kowa ke gani, goge adireshinka da na mai aikowa in mutum ne. Kafin ka buɗe sabuwar bukata, nemi ko akwai irinta ka ƙara mata ƙuri'a, domin bukata ɗaya da ta rabu gida biyar ba ta hawa sama. A kuma sani cewa latsa Report phishing yana miƙa wa kamfanin wannan saƙon a buɗe don ma'aikatansa su duba; abu ne mai kyau ga saƙon damfara, amma ba maɓallin da za a latsa a kan wasiƙar iyali don an yi faɗa ba. Haka nan latsa Unsubscribe a kan saƙon ɗan damfara gaya masa ne akwatin na da rai.

Tsarin ƙuri'a yana da wani lahani da ya shafe mu kai tsaye. Masu jefa ƙuri'ar yawancinsu 'yan Turai ne da Amurka masu intanet da ba ya yankewa. Abin da ke damun mai waya mai 2 GB na RAM a Illela ko Tambuwal, wato manhaja ta buɗe da sauri a sabis mai rauni, ta riƙe saƙonni in sabis ya ɗauke, a iya biya da naira, a ga menu da Hausa, ba ya tara ƙuri'ar da za ta kai shi gaban mai yanke shawara. Fassarar Proton da ta Tuta masu sa kai ne ke yin kaso mai yawa nata, don haka wannan ƙofar aƙalla a buɗe take ga ɗaliban sashen harsunan Najeriya da ke neman aikin da zai amfani jama'a. A ɓangaren waya, manhajar Tuta ba ta dogara da Google wajen sanar da shigowar saƙo ba, tana kuma F-Droid, wata kasuwar manhajoji da ba ta Google ba, don haka tana aiki a wayar da ba ta da Play Store. Amma wayoyin da aka fi riƙewa a nan suna da tsarin tattalin batir mai kashe manhaja a ɓoye. In ba a shiga saitin batir an cire mata takunkumi ba, sanarwa ba za ta zo ba, mutum ya zaci saƙo ne bai iso ba.

Hukuncinmu: ga ɗalibi, malami ko ɗan jarida da zai fara a kyauta, Proton ya fi, saboda jerinsa uku, adireshin ɓad-da-kama da kuma Easy Switch mai kwaso tsofaffin saƙonni daga Gmail. Wanda sirri ya fi masa komai, kuma ba ya bukatar Outlook, Tuta ya fi araha, Yuro 3 a wata in an biya na shekara, da 20 GB. Kamfanin da saƙo ke masa yawa kuma damuwarsa kada na kwastoma ya ɓace, Fastmail, muddin ya yarda makulli na hannun wani. Proton Mail Plus na tsakanin dala 4 zuwa 5 a wata da 15 GB da domen ɗaya. Ko wanne aka zaɓa, mallakar domen ita ce inshora: Skiff, wani imel mai sirri, ya yi tashe, kamfanin Notion ya saye shi a Fabrairun 2024, aka rufe imel ɗinsa cikin watanni, waɗanda ke da domen nasu suka sauya layin MX suka ci gaba, sauran suka shiga sanar da duniya sabon adireshi.

Biyan kuɗi sai an yi shiri, domin katin naira ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba, kuma iyakar da banki ke sawa na sauyawa. A tambayi banki kafin ranar sabuntawa, ko a tanadi katin dala, kuma biyan shekara ya fi na wata-wata rage haɗarin a wayi gari an dakatar da akwati. Proton na karɓar PayPal da Bitcoin ban da kati. Ranar da aka buɗe akwati kuma a rubuta kalmomi 12 na ceto da Proton ke bayarwa, ko lambar ceto ta Tuta, a takarda da biro, a ajiye inda ake ajiye takardun makaranta, ba a hoton allo cikin wayar da za a iya sacewa ba. A Proton, wanda ya manta kalmar sirri ya sake ta ta lambar waya zai shiga akwatinsa, amma tsofaffin saƙonni za su zauna a kulle sai ya kawo kalmomin nan, ko fayil ɗin ceto, ko ya tuno tsohuwar kalmar. A Tuta in kalmar sirri da lambar ceto duka sun ɓace, ma'aikatansu ba su da hanyar buɗe maka.